Babban Yatsan Inna Kulu

Kulu ta shekara goma sha tara tana sharar wani ƙaramin asibiti a ƙasar Batsari. 'Yar ƙauyen Darini ce, ba ta taɓa shiga aji ba. Ta haifi tara, tamowa ta ɗauke uku, kuma duk ukun a kumbure suka tafi, maƙwabta na yaba ƙibarsu. Daga nan ta koyi abu guda: a danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa, a ƙirga uku. Idan rami ya zauna, ba ƙiba ba ce, ruwa ne.

Da daminar bara aka turo ɗaliban jinya daga birni su koyi duba yara. Kowacce da tef na awon dantse a wuya. In tef ya nuna ja, a ba yaro abincin tamowa na leda, a duba shi sosai. Kore, a tafi gida.

Ranar Talata Kulu ta goyo jikanta Nurain, ɗan shekara biyu, wanda ya kwana huɗu yana ture kunu. Malamar ɗaliban, Sista Rahma, ta tafi taro Safana. Wata ɗaliba, Mahfuza, ta zagaya tef a hannun yaron.

"Kore ne, Inna. Ai ya fi ni kumatu."

"'Yar nan, danna mini ƙafar."

"Yau kuma tsintsiya ce za ta ba mu lacca?"

Sauran suka kwashe da dariya. Kulu ta durƙusa ta danna da kanta. Ramin ya zauna.

"Kin gani?"

"Da wannan yatsan naki ko taɓarya kika danna sai ta lotsa. Mun san ku. Ku karɓi leda a nan, gobe a gan ta a kasuwa." Mahfuza ta rubuta a kati cewa yaro lafiya lau. "Na gaba!"

Da Kulu take ba ni wannan labari, na tambaye ta me ya hana a wuce da yaron babban asibiti a Katsina. Ta ce ta roƙi ɗanta Sagiru, uban yaron, ya ɗauko babur. Ya ɗaga mata katin. Ya ce masu karatu sun duba sun ce lafiya, ga shi yana tsakiyar noman gero. Ranar Asabar da hantsi Nurain ya rasu.

Litinin Kulu ta koma aiki. Ta iske Sista Rahma ta tara ɗaliban a baranda, darasin makon ya iso kan kumburi. Sista ta ɗora wata yarinya a cinya, ta danna ƙafarta, ta ƙirga uku.

"In rami ya zauna fa, amma tef ya nuna kore?"

Mahfuza ce ta fara ɗaga hannu. "A kwantar da shi nan take, Sista."

"Madalla." Sista ta waiga. "Inna Kulu, ɗan matsa can da sharar nan, ƙura na damun masu karatu."