Sawun da Na Share a Injin Kawu Sale

Da Allah zai mayar mini da yini ɗaya cikin kwanakina in gyara, ba zan yi dogon tunani ba wajen zaɓe. Wata Alhamis ce ta bazara, shekarar da na maimaita ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko. Mangwaro ya nuna yana faɗuwa a bayan biro, ofishin masu kula da gonakin shinkafa, kamiyoyi, manyan motocin kaya, sun yi layi a rana suna jiran tsallaka gada zuwa Malanbil, ni kuwa ina zaune ni kaɗai a gaban inji mai baƙar fuska, zufa tana bin bayana. Da yatsa ɗaya na danna ƴan haruffa. Haruffan nan su suka raba kawuna da aikinsa da mutuncinsa, kuma har ya bar duniya ban buɗe baki na ce ni ne ba.

A gidanmu na Gaya shara ce aikina. Kafin in ɗauki allon lakwal sai na share tsakar gida tun daga turken awaki har zaure, in kwashe ƙwallon giginyar da muka tsotse da daddare, in yayyafa ruwa. Da maraice mu yanko ciyawa a bakin kogi, mu yi langa a kan rairayi, ko mu ƙera kamiyo da gwangwanin madara muna kwaikwayon direbobin Kwatano. Rana ɗaya ce na taɓa samun hutun shara, ranar da aka sace mana tunkiya. Kakata Inna Tabawa ta fito tun da asuba ta ƙwace tsintsiyar daga hannuna, ta zaunar da kowa a bakin ɗakinsa, ba mai taka tsakar gida sai da wani tsohon Bafulatani mai bin sawu ya iso. Ya duƙa yana karanta ƙasa, ya bi sawun har bayan gari, aka dawo da tunkiya kafin azahar. Ranar ce Inna ta ce mini, "Ƙasa ba ta ƙarya, sai in an toshe mata baki da tsintsiya." Na ji maganar, na kuma haddace ta.

Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ne. Shan inna ya shanye masa ƙafar hagu tun yana goye, don haka bai iya noma ba, bai iya tsayuwa cikin jirgin kamun kifi ba kamar sauran ƴan uwansa na ƙauyen Tunuga. Sai ya riƙe karatu, ya tafi Doso ya koyi buga takarda, ya dawo aka ɗauke shi a biron nan aka danƙa masa odinata, wato kwamfuta, wadda a lokacin ban san akwai irinta a garin ba. A cikinta aka zuba awon kowace gona da ranar da kowane manomi zai sami ruwa daga fomfo. Mutanen da suke kiransa gurgu suka koma kiransa Mushe Sale, kiran girma irin na Faransanci. In ya zauna a kujerar nan ya jingina sandarsa da bango, ba ka cewa akwai abin da ya rage masa.

Idan an tashi daga lakwal nakan kai masa abinci, in tsaya ina leƙe. Injin ba shi da hoto ko ɗaya, rubutu ne kore a kan baƙi, sai ka rubuta masa umarni ya amsa. Kawu ya koya mini cewa in ka buga ls zai jero maka duk ajiyar da ke cikinsa, in ka buga rm da sunan abu ya hallaka shi. "Wannan ba shi da juji," in ji shi, "abin da ya share ba a tonowa." Ya kuma nuna mini wata ajiya mai suna core. Ya ce duk lokacin da aiki ya mutu a cikin inji, kafin ya cika sai ya zubar da duk abin da ke kansa a wuri ɗaya, masana su duba su gane abin da ya kashe shi. Irin waɗannan suna da girma, suna cinye wuri, shi ya sa in sun tsufa yakan share su, amma sai ya duba, ya sake dubawa.

Ranar Alhamis ɗin, Kawu ya fita sallar la'asar ya bar ni. Na hau kujerarsa na yi ta buga sunana ina jin daɗi. Ya dawo ya ci gaba da aikinsa, ba a jima ba aikin ya mutu a hannunsa, da ya sake buɗewa rabon ruwan duka ya dagule, sunaye sun hau kan juna. Ya ɗauko disket, faifan da yake ajiye kwafin aikin, zafi ya riga ya lalata shi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ɗauki sanda zai tafi gidan waya ya kira Yamai, ya waiwayo daga bakin ƙofa ya ce, "Ɗan yaya, kada ka taɓa komai." Yana fita tsoro ya rufe ni. A zatona sunana da na buga ne ya kashe aikin, kuma yana nan kwance cikin core, za a buɗe a gan ni. Na buga ls, na gan shi. Na buga rm core. Injin bai tambaye ni komai ba.

Bayan ƴan kwanaki mai gyara ya zo daga Yamai, ina raɓe a jikin taga. Ya ce irin wannan mutuwa sau da yawa daga injin take, ba daga hannun mutum ba, a ba shi core kawai ya nuna wa darektan biron. Ya nema bai gani ba. Ya buga wani abu, ya ɗago kai ya ce, "Mushe, har tarihin ma an goge. Wa ya zauna a nan?" Kawu bai dubi taga ba. Ya ce, "Ni ke da injin nan, ba mai zama sai ni." Ban gane zancen tarihi ba, abin da na gane shi ne na tsira, na koma gida na ci tuwo.

Shinkafa tana fitar da kai a lokacin, ba ta jiran kowa. Kafin a sake tsara rabo da hannu, masu ƙarfi sun karkatar da ruwa, gonakin ƙarshen magudana suka bushe suka yi fari, har aka fasa wa wani kai da fartanya. Magana ta bazu a kasuwa cewa gurgun nan ne ya lalata rabon da gangan don danginsa su sha ruwa, sannan ya goge sawunsa. Aka sallame shi. Ya koma Tunuga yana gyaran taru a ƙarƙashin wata tsamiya, yatsun nan masu gudu suna ɗaurin zare. In na je hutu sai ya yi dariya ya ce, "Sarkin shara ya iso," ya sa a soya mini kifi. A lokacin ina tsammanin sharar tsakar gida yake nufi. Bai sake taɓa inji ba har ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Karatuna bai yi nisa ba, amma na ƙare ina tsaron shagon buga takardu kusa da tasha. Furfura ta fara fito mini ranar da wani saurayi mai gyaran injinmu ya nuna mini cewa odinata tana riƙe duk umarnin da aka buga mata, layi bayan layi, shi ake kira tarihi. Na zauna a kan benci. Ashe Kawu ya dawo daga gidan waya ya ga abin da na buga, ya ga sunana a sama da shi. Shi ya goge tarihin da hannunsa, yana sane da cewa gogewar za ta zama shaida a kansa.

Yanzu jikokin ƴan uwana suna shafa waya da yatsa, in za su goge abu sai ta tambaye su ko sun tabbata, in sun goge ma yana nan a kwando. Injin Kawu bai da wannan sassauci, kuma tsamiyar Tunuga kogi ya cinye ta. Roƙona ga mai karatu, in abu ya lalace a hannunka, ajiye tsintsiya, bar sawun yadda yake, ka faɗi abin da ka taɓa tun wanda zai yafe maka yana da rai. Ni na sami mai yafewa, amma ban sami damar roƙonsa ba.