Dashe a Gonar Aro

Shekarar da nake aji biyar aka taso daga birni domin a ceto mana ƙasa. Mu dai ba mu san tana neman ceto ba, sai da hedimasta ya tara mu ya ce wata ƙungiya za ta zo mu fita dashen bishiyoyin gargajiya. Kowa ya wanke yunifom, marasa takalmi su riƙe layin baya.

Babana masunci ne. A bakin tafki muke zaune, kusa da Wara, cikin bukkokin da muke jan su baya duk lokacin da ruwa ya cika. Da kifi ya fara wuya, taru yana dawowa da ciyawa, sai Baba ya samu gona a bakin hanyar mota ya haɗa kamun kifi da noman dawa. Dawar nan ce tuwonmu daga kaka zuwa kaka. Wani tsohon Bakambare, aminin kakana, shi ya ara masa wurin, amma ni ban sani ba. Wa zai zaunar da yarinya ya yi mata bayanin ƙasa? Na ga ubana yana noma wuri, na ɗauka nasa ne.

Baƙi suka iso da hantsi cikin farar mota, kowa da hula mai hoton ganye. Filin da aka ware yana can bayan fadama, ga shi an kwana ana ruwa. Direba ya leƙa lakar ya ce motarsa ba za ta shiga ba. Ceton ƙasa kuwa bai kai a taka masa da ƙafa ba. Hedimasta ya waiga ya hango gona shimfiɗe a bakin hanya, dawa ta kai gwiwa.

"Gonar wa ta wagga?" in ji shi.

Yara suka nuna ni. "Ta babanta ta, Malam!"

"Madalla. Ashe ta gida ta."

Shi ke nan an nemi izini. Baba yana kan ruwa tun asuba, ni kuwa kaina ya kumbura har ina jin ɗankwalina ya matse ni.

Wata mata mai tabarau ta ɗaga dashe cikin baƙar leda ta gabatar mana da ɗorawa, mu da muka karya da miyar daddawa da safen nan. Muka tafa. Ta gabatar da kaɗanya, muka sake tafawa. Daga nan aka sake mu cikin gona kamar awaki, ana haƙa rami ana tattake dawa. Kowane babban baƙo ya durƙusa, ya taɓa ƙasa da yatsa biyu, aka ɗauke shi hoto a waya, aka zuba masa ruwan leda ya wanke hannu. Ni aka ba ɗorawar da aka yi laccar da ita, a matsayina na 'yar mai gona, na dasa ta da kaina na danna ƙasa sosai. Ina son ɗorawar nan, ba zan ɓoye ba.

Sai shugabansu ya karɓi lasifika. Ya gode wa "mai wannan gona, bawan Allah da ya tanadar wa jikokinsa inuwa a ƙasarsa." Lasifikar ba ta da rowa, ta kai maganar har gonar da ke maƙwabtaka, inda 'ya'yan tsohon Bakambaren nan suke noma. Na ga sun miƙe sun dogara da fartanya suna kallonmu, can suka saɓa ta a kafaɗa suka nufi gida. Aka raba mana biskit, mota ta tafi.

Da gudu na kai wa Inna labari. Tana gyaran kifi, wuƙar ta tsaya a hannunta.

"Icce kunka dasa? Gonar aro? Ke ɗiyar ga, kun kashe mu."

Ranar na koyi abin da laccar ta tsallake. A wajenmu ana ara maka gona ka shuka abin da za ka girbe ka tafi. Bishiya kuwa zama take yi, kuma wanda ya dasa ta ya faɗa wa duniya cewa wurin nasa ne. Hedimasta ɗan ƙasa ne, ya san wannan sarai. Tambaya ɗaya ce ta rage masa, amma baƙi suna tsaye a rana.

Baba ya dawo da la'asar, ya ji, bai ko sha ruwa ba. Ya ɗauki kwando, na bi shi. Ya bi rami rami yana tumɓuke dashen. Da ya zo kan tawa na riga shi, na tone ta da hannu na riƙe.

Muka tarar da tsohon zaune a kan kututture a ƙofar gida, 'ya'yansa tsaitsaye a bayansa. Baba ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya juye kwandon a gabansa. Shi ma "Baba" yake kiran tsohon.

"Baba, wallahi ina bisa ruwa anka yi. Ga su nan duka, ban bar ko guda ba."

Tsohon ya daɗe yana kallon tarin ganyen.

"Ɗana, ni na san ka, na san ubanka. Amma an hwaɗi ga lasifika, gari ya jiya, kuma an ɗauki hoto. Ni da kai tahiya za mu yi. In ɗiyanka sunka zo da hoto gobe, mi ɗiyana za su ce?" Ya share fuska da tafin hannu. "Ka girbe dawarka bana. In ka girbe, ka sake muna wurin."

Baba ya ce, "Na gode, Baba." Godiya ya yi, ina ji. Har yau in na tuna da godiyar nan raina ɓaci yake, kuma ba da tsohon nake fushi ba.

Muka kama hanyar gida, shi a gaba da kwando babu komai, ni a baya. Ɗorawar ta fara laushi a hannuna. Da muka hango bukkokinmu, ruwa har ya fara lasar turakun da ake ɗaure kwale-kwale, sai na yi ƙarfin hali.

"Baba, in dasa wagga?"

Ya tsaya ya juyo. Na ɗauka zai yi mini tsawa. Ya dubi dashen, ya dubi yashin da ruwa zai shanye kafin kaka.

"Dasa ta mana, ɗiyata," ya ce a hankali. "Gwada min wurin da yake namu."