Baƙin Hoton da Lubabatu Ta Ajiye

Duk wanda ya girma a Zongon Kwatano, in ya buɗe adakar mahaifiyarsa zai tarar da hoton da Muhuyi ya ɗauka. Suna ne, aure ne, saukar karatu ce, dawowar alhazai ce, shi ake kira, har sunan Mai Foto ya bi shi ya danne na yanka. Dogo ne siriri, kullum da kyamara rataye a wuya. In ya jera mutane maganarsa ɗaya ce: "Kada kowa ya motsa. A riƙe numfashi." Sai ya saki filas, wutar nan ta kyamara mai sa jarirai kuka. Ɗakunan Zongo duhu gare su ko da rana tsaka, don haka Muhuyi bai taɓa danna kyamara babu filas ba. Yatsansa ya saba, ba sai ya yi tunani ba.

Amma hoton da aka fi sani a gidansa ba na kowa ba ne. Baƙi ne ƙirin, babu komai a ciki sai igiyar shanya da wani farin wando a gefe guda.

Asalinsa shi ne, a shekarar 1997, dab da Babbar Sallah, raguna sun cika titunan unguwa, wata tauraruwa mai wutsiya ta fito. Da an idar da magariba sai kowa ya haye saman bene kallo. Matarsa Lubabatu kuwa tana cikin jego, ta haifi 'yarsu Ni'ima. Tsofaffin gida suka ce mai jego ba ta hawa sama, balle ta ɗora ido a kan abin da ba a san da me ya zo ba. Ta yi magiya, ta yi fushi, ba su saurare ta ba. Muhuyi ya ce ta kwantar da hankalinta, shi zai kawo mata tauraruwar har ɗaki. Ya hau, ya saita, ya danna. Filas ya haska abin da ke kusa, wato shanyar maƙwabta, sama kuwa ta fito baƙa. Kafin a wanko hoton ya gane kuskurensa, tauraruwa ta dushe, arba'in ɗin Lubabatu bai cika ba.

Ba ta yar da hoton ba. Ta sa shi a gilashi ta rataye. Duk baƙuwar da ta tambaya, sai ta ce, "Tauraruwa ce Mai Foto ya ɗauko mini. Ki duba da kyau, ga ta nan bayan wando." Shi kuma sai ya hau ba da labarin girmanta, kowace shekara wutsiyar na ƙara tsawo a bakinsa, har ta kai daga babban masallaci zuwa kasuwar Dantokpa.

Shekaru suka ja. Wayar hannu ta cinye sana'ar, ya rufe shago, kyamara ta koma ƙarƙashin gado ta yi fumfuna. Hannunsa ya soma rawa, in ya ɗauki kofin shayi sai ya riƙe da hannu biyu. Lubabatu ta ci gaba da sayar da zannuwa a kasuwar Misebo har ranar da ta faɗi a rumfa. Shanyewar ɓarin jiki ce. Aka yi jinyar asibiti, daga baya likita ya ce a koma da ita gida a ci gaba da addu'a. Muhuyi ya ji abin da ba a faɗa ba. Ta kwanta a ɗakin ƙasa, harshe ya yi nauyi, abinci ya ƙi shiga. Ni'ima ta baro ɗakin mijinta a unguwar Akpakpa ta dawo jinya.

Ana cikin haka, a watan Oktoban 2024, Ni'ima na duba wayarta a bakin gado ta ce, "Baba, wai an ga wata tauraruwa mai wutsiya. Bayan faɗuwar rana take fitowa, ta yamma."

Lubabatu ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna bango, inda baƙin hoton yake. Ta daɗe tana kokawa da harshenta kafin kalmar ta fito.

"Alkawari."

Ba a iya ɗaga ta. Ko juya ta aka yi sai numfashinta ya sarƙe. In za ta ga tauraruwar nan, sai dai a kawo mata, kuma Muhuyi ya san ba wani zai kawo ba. Ni'ima ta ce hotuna sun cika waya, na ƙasashe daban-daban, bari ta nuna mata ɗaya. Uwar ta kawar da kai ta rufe ido.

"Na wani ne," in ji Muhuyi. "Ba shi ta tambaya ba. Ba ni wayar."

Ya sa Ni'ima ta kashe filas a gabansa, ya ce ta sake dubawa. Da magariba ta yi ya lallaɓa ya hau saman benen maƙwabta. Zongon da ya sani a da ba shi ba ne. Benaye sun tsaya ta yamma, fitilun shaguna da na titi sun mai da sama ja. Ga ƙaramar damina ta kankama, hadari na tasowa daga teku kullum da yamma kamar an yi masa aike. Ya tsaya har aka kira isha bai ga komai ba. Washegari haka. Ranar da ta biyo baya ruwa ya jiƙa shi sharkaf, ya sauko yana ɓoye wayar a hammata. In ya shigo ɗaki Lubabatu kan juyo da ido ta dubi hannunsa, shi kuma ya dubi ƙasa.

"Baba, sun ce kullum ƙara dushewa take yi," Ni'ima ta faɗa masa a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa. Ba ta ƙara da cewa Mama ma haka ba. Ranar ko ruwan koko sai da cokali aka ɗiga mata.

Da la'asar sakaliya Muhuyi ya je bakin titi wurin Dramane, tsohon ɗan zem, wato ɗan acaɓa, da ya sha kai shi gidajen biki a bayan babur tun suna da ƙarfi.

"Kai ni bakin teku, can Fidjrossè, inda babu fitila."

Dramane ya dubi sama, ya dubi abokinsa. "Mai Foto, da wannan hadarin? Wandon wa za ka ɗauko mana kuma?"

Muhuyi bai yi dariya ba. Dramane ya ga fuskarsa, ya gyara rigarsa ruwan ɗorawa ta aiki, ya tada babur.

Suka kutsa cikin cunkoson yamma, hayaƙi na shiga ido. Duk tsayawar da suka yi Muhuyi sai ya ɗaga kai, rana na sauka, su ba su isa ba. Suka wuce wuraren shan iska masu kiɗa, suka miƙa har inda sai itatuwan kwakwa da jiragen masunta a kife. Nan suka yi alwala da ruwan gora, suka yi magariba a kan yashi. A sujada Muhuyi ya rasa yadda zai tsara roƙon. Abin da ya iya cewa kawai shi ne a buɗe masa, ko kaɗan ne.

Da suka sallame, hadarin ya tsage ta yamma, tsaga siririya. Zara ta fito fes. Muhuyi ya bi damanta da ido, ya ɗan hau sama, idon tsufa na yi masa ruwa. Sai ga mai wutsiyar. Ba ta kai rabin ta da ba. Ɗan farin ɗigo ne, da wutsiya kamar an shafa alli da yatsa.

Ya ɗaga waya ya danna. Ba tare da filas ba, waya na bukatar a tsaya cak na ɗan lokaci kafin ta tattara hasken. Hannunsa ya ƙi. Hoton ya fito da layuka a karkace kamar tsutsotsi. Ya sake. Ya sake. Ya dafe gwiwar hannu a ciki, rawar ta ƙaru. Gajimare na matsowa daga hagu, ya riga ya haɗiye Zara. Da gumi ya rufe masa ido, yatsan nan da ya saba ya tafi da kansa ya taɓa alamar walƙiya a kusurwar waya. Filas ya haska. Ganyen kwakwa ya fito fari tas, sama baƙa ƙirin.

Muhuyi ya dubi hoton. Ya zauna daɓas a kan yashi.

"Na sake yi, Dramane. Shi ne dai. Ba zan iya shiga ɗakin nan da wannan ba."

"Kashe abin nan ka tashi," in ji Dramane. Ya turo babur ya kafe shi a yashi, ya kama hannayen Muhuyi ya ɗora su a kan sirdi, waya ta jingina da hular kwano. Ya zagaya baya ya rungume kafaɗunsa ya danne da dukan nauyinsa. "Tun muna samari kake tsare mu a rana kana ba mu oda. Yau kai ne. Kada ka motsa. Riƙe numfashi."

Muhuyi ya riƙe. Ya danna. Ƙirjinsa na bugu, teku na bugu, bai motsa ba. Da wayar ta gama, gajimare ya rufe wurin ruf.

Suka sunkuya su biyu a kan wayar. Sama shuɗiya mai duhu, bakin ganyen kwakwa a ƙasa, a tsakiya kuma ɗan ɗigo da wutsiyarsa.

A hanyar dawowa bai ce komai ba sai "Yi sauri." Tsoronsa ɗaya, kada ya karyo kwanar gida ya ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofa. Suka iso ana kiran isha. Babu tabarmi. Ya shiga da yashi a ƙafa, ya durƙusa a bakin gado, Ni'ima ta tallafo kan uwar.

"Maman Ni'ima, ga ta. Na kawo."

Lubabatu ta daɗe tana kallo. Ɓarin bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga.

"Ɗan... wannan?" Ta huta, ta ja numfashi. "Masallaci... har Dantokpa?"

"Waccan yayarta ce," in ji Muhuyi. "Wannan ba ta cin abinci ne, irinki."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, sai da suka saurara suka gane dariya ce. Ta karɓi wayar da hannunta mai lafiya ta ɗora a ƙirji. Hasken wayar kan mutu, Ni'ima ta taɓa ya dawo, ta ci gaba da kallo. Daren nan ta sha koko rabin kofi.

Ba ta ga ƙarshen watan ba. Bayan addu'ar bakwai Muhuyi ya kai aka wanko hoton, ya sa a gilashi da hannunsa. Ni'ima ta tashi za ta sauke baƙin don a rataye sabon a gurbinsa, ya ce a'a, ta nemo wata ƙusa.