Tafiyar da Aka Hana Ni

Da fuka na girma. Tun ina saurayi a ƙauyenmu na bayan Tsafe nake jin wannan fito a ƙirjina, musamman ranar sussukar gero. Amma ba ta daɗewa, in ta lafa sai in saɓi fartanyata. Gonata tana da nisa, da ƙafa nake zuwa, da ƙafa nake dawowa. Ban san tafiyar nan ce ke riƙe da ni ba sai da aka raba ni da ita.

Shekarar da daji ya gagari manoma, babban ɗana ya zo ya kwashe mu zuwa Gusau. Ɗa ne na kirki, Allah ya sani. Ya ba ni ɗaki mai fanka, ya shimfiɗa mini darduma a zaure, ya ce na gama wahala. Na zauna. Tumbi ya fito, ƙafa ta yi nauyi, fuka kuma ta samu wurin zama ta miƙe ƙafa.

Da abin ya yi tsanani ya kai ni asibiti. Likita ya ba ni ɗan abin feshin nan da ake shaƙa, ya koya mini yadda ake yi. Ya kuma ce in riƙa tafiya kullum, a hankali, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan, domin zama wuri ɗaya ƙara mini ciwon zai yi. Ɗana yana tsaye a wurin. Maganar magani ya ji, ta tafiya kuwa ta bi ta bayan kunnensa.

Washegari na sa hula, na jefa abin feshin a aljihu, na kama hanya. Ban wuce kwanar layinmu ba wani ɗan kabu-kabu ya ci birki a gabana.

"Baba, ina za ka da ƙasa cikin wagga rana? Hau in kai ka."

Na ce masa ba inda za ni, tafiya kawai nake yi. Ya dube ni kamar wanda ya ga mai taɓin hankali.

"Wallahi ba ka tahiya ƙasa ina kallo. Ko sisi ba ni amsa."

Na ƙi, ya tafi yana waige. Kafin in kai masallaci wasu ma sun tsaya, har da maƙwabcinmu mai mota. A wurinmu dattijo ba ya tafiya haka kawai. In an gan shi a titi da ƙafa, to ko ba shi da kuɗin mashin, ko 'ya'yansa sun yasar da shi. Wa zan tsaya in yi wa bayani, da wane numfashin?

Maganar ta yi ƙafa fiye da ni. 'Yata da ke aure a Bungudu ta bugo waya tana kuka, wai an ce an ga ubanta yana gararamba a Gusau. Da yamma ɗana ya durƙusa a gabana, idonsa jajir.

"Baba, mi na rage ka da shi? Mutane cewa sukai ina da abin hawa na bar ka kana yawo da ciwo."

Na ce ai likita ne ya ce. Ya ce likita ba shi zai sha zagin gari ba. Na yi faɗa, na kira shi sakarai, faɗan ya tayar mini da tari har sai da aka yi mini fifita. Shi ke nan, na ba su hujja da kaina. Daga ranar ko buta ba a bari in ɗauka. In na miƙe, sai a ce me nake so a kawo mini. Har sallar Juma'a a mota ake sauke ni bakin sahu. Na ji haushinsu, kuma ban san yadda ake fushi da wanda ke durƙusa maka ba. Damina ta zo ta wuce ina zaune.

Wata Talata duk suka tafi bikin suna, aka bar ni da gida. Na shaƙi maganina, na fita ta ƙofar baya, na bi lungun da mashin bai cika bi ba. Babu wanda ya tare ni. Na yi murna kamar yaro.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Ƙirjina ya ɗaure tun ina hango katangar gidanmu. Na tsaya. Na dafa bango na sake shaƙa, na jira, na gwada, ƙafar ta ƙi. Ni da nake zuwa kasuwar Mada da ƙafa in dawo ban zauna ba.

Da ƙyar na lallaɓa zuwa bakin titi. Ni da kaina na ɗaga wa ɗan kabu-kabu hannu. Ya kama ni ya ɗora, na riƙe rigarsa. A ƙofar gida muka tarar da ɗana ya dawo, yana ta nemana. Ya rungumo ni ya sauke.

"Ka gani ko, Baba? Ai shi muka gudu."

Ina da amsa. Na buɗe baki, fito kawai ya fita.