Darasi ta Bayan Asabari

Madan, kamar yadda muke kiran malamarmu, ta iso Dogarawa a bayan motar soja, zaune bisa akwatin ƙarfe, ina 'yar shekara tara. 'Yar Illela ce, amma aure ya yawata da ita bariki-bariki, daga Tawa har Agadas, tana koyar da 'ya'yan sojoji duk inda aka sauke mijinta. Da aka tura shi can arewa inda babu lakwal, wato makarantar boko, sai ta roƙi a ba ta aji a garinmu. Mun saba da malamai maza, amma mace riƙe da alli, tana taka ƙasa kamar da ita ake fareti, wannan ba mu taɓa gani ba. Tsoronta muke ji, duk da haka kowace yarinya tana kwaikwayon tafiyarta a hanyar rijiya.

Ni ce mai nawar hannu a ajin. Kaina yana ja, amma kafin in rubuta layi ɗaya wasu sun cika allo. Babana kuwa bai yi mini rufa-rufa ba. "In kin ci satifika, ki tahi kwalejin Konni," in ji shi. "In ba ki ci ba, ga hauya can rataye, ita ba ta tambayar takarda." Dama ɗaya ya ba ni, kuma shi ba ya magana biyu.

Shekarar jarrabawarmu ta faɗo cikin shekarun fari. Da bazara sojoji biyu suka zo da kayan mijin Madan. Motar da suke kai hatsin agaji ce ta kife da su, shi bai tashi ba. Madan ta shiga takaba. Muka yi lissafin da ita ta koya mana: wata huɗu da kwana goma ba za ta fita ba, jarrabawa kuwa saura wata uku. Darakta, shugaban makarantarmu, yana da aji biyu a wuyansa, sai ya zaunar da mu gindin gawo muna maimaita tsohon karatu. Ni dai tun daga ranar, in na shiga gida hauyar nan nake fara kallo.

Bayan sadakar bakwai ta aiko mu zo da allunanmu. Tsofaffin unguwa suka ce ba a taɓa yi ba, mai takaba da taron yara, har da maza da suka fara tasawa. Aka kai maganar gaban liman. Ya saurara har suka gama, ya ce, "Hita anka hana mata, ba a ɗaure mata baki ba." Nan zancen ya mutu.

Mu goma sha tara muke zama a tsakar gidanta, ita tana cikin ɗaki, asabari a sake. Fuskarta ba mu gan ta ba ko sau ɗaya. Abin da muke hangowa ta ƙasa shi ne bakin tabarma da 'yar wuƙar da mai takaba take ajiyewa kusa da ita. Murya kawai ke fitowa, ta ba da lissafi, ta karanta mana abin da za mu rubuta. In mun gama mu tura allo ta ƙarƙashin asabari, ya dawo da gyara. Har yau abin yana ba ni mamaki, don da kunne take riƙe da mu. "Kai na bakin randa, allinka ya tsaya, mi kake kallo?" Yaron ya zabura, mu kuma mu dubi juna, don babu ta inda za ta gan shi.

Wani abu ya canza a karatun nata. A aji da can guguwa ce, wanda ya makara ya makara. A bayan asabari kuwa sai ta faɗi rabin jimla ta yi shiru, shiru mai tsawo, sannan ta ƙarasa. A cikin shirun nan nake kamo sauran. Na sa a raina don ni take yi, ta ji ƙarar allina a baya tana jira na. Na so ta a watannin nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Ranar da za mu tafi Konni jarrabawa, muka biya ta gidan. Ta miƙo hannu ta ƙarƙashin asabari, babu lalle babu zobe, kowa ya taɓa ya wuce. Da sakamako ya fito sunana yana ciki. Babana ya ce, "To, madalla," bai ƙara ba, hauya ta ci gaba da zamanta a bango.

Madan ta fita takaba, ta koma aji, ta raini 'ya'yanta biyar, ta koyar har ƙarfi ya ƙare. Ni ma koyarwar na yi. Ta haura casa'in a Konni, jikoki da tattaɓa-kunne cike da gida, idonta ya tafi amma kunnen yana nan. Zuwana na ƙarshe, sallama kawai na yi ta ce, "Mai nawar hannu ce. Shigo, ɗiyata."

Na zauna kusa da ƙafarta, na ce, "Inna, akwai godiyar da ban taɓa yi miki ba. Jiran da kika riƙa yi mini a bayan asabari, da shi na ci satifika."

Ta juyo da fuskarta wajena. "Wane jira?"

Na tuna mata shirun. Ina faɗa ina jin kamar na koma tsakar gidan nan da allo a cinya.

"Ba ke nike jira ba," ta ce. "Kuka ne ka taso mini. Sai in cusa bakin zane a baki har shi wuce, don kada ku ji ku watse."

Na shiga lissafi a raina. Sau nawa a yini take yin shirun nan, wata uku cur, mu muna ta ƙaƙas-ƙaƙas da alli? Hawaye suka zubo mini, na yi ƙoƙarin haɗiye su, amma wannan kunnen ba a ɓoye masa komai. Ta laluba ta dafa kaina.

"Bari, ɗiyata. In da shi kinka ci, ashe bai zuba banza ba."