Shifu Babayo, Badukun 'Yan Besbol

Babayo Maidaji baduku ne ɗan baduku, haifaffen cikin birnin Kano. Tun yana ɗan ƙanƙane yake riƙe basilla, kuma har ya shekara talatin da takwas bai taɓa zaton sana'ar za ta kai shi ko Zariya ba, balle ƙasar Sin. Wanda ya yi sanadi wani ɗan kasuwa ne da ya gaji da karɓar takalman da aka ce masa fata ce zalla, sai an buɗe kwali a tarar roba ce aka goge da mai. Ya ce yana neman wanda hancinsa kaɗai ya isa ya raba fatar saniya da leda, ya zauna masa a Guangzhou yana duba kaya kafin a loda. Kowa ya ce ai sai Babayo.

A daminar 2004 ya sauka. Ya sami ɗaki a unguwar Dengfeng, a saman shagon waya na wani mutumin Maraɗi mai suna Tankari, wanda ya daɗe a garin har Sinanci ya zauna masa a baki. Kullum da safe Babayo zai tafi kasuwar fata ta Sanyuanli, ya shinshina, ya murza, ya lanƙwasa, ya ce wannan ta yi, wannan ba ta yi ba. Kafin azahar ya gama. Sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi, don bai saba wuni bai huda fata ba. Ya nemi 'yar kujera ya ajiye a ƙofar shagon Tankari, duk wanda takalminsa ya tsinke ko jakarsa ta yage, ya kawo a ɗinke ana hira.

Wata Asabar bayan la'asar, wani dattijo Basine siriri mai hular hana-salla ya tsaya a kansa yana kallon yadda yake jan zare. Ya daɗe a tsaye. Can ya buɗe jaka ya fito da wani abu na fata mai yatsu biyar, kowane yatsa ya kai kaurin rogo.

Babayo ya karɓa ya juya shi, ya dubi Tankari. "Tambaye shi, don Allah, ina mai wannan hannun? In yana kusa mu tashi."

Tankari ya yi dariya ya fassara, dattijon ma ya ƙyalƙyale. Ya ce sunansa Liang, malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya. Abin nan safar hannu ce ta wani wasa da ake kira besbol, da ita ake cafe ƙwallo. Yayansa marigayi ne ya bar masa, ta fi shekara talatin a hannunsa. Igiyar da ta haɗa yatsun ta tsitstsinke, kuma duk mai gyaran da ya kai wa sai ya ce masa meiyou, babu, ya je ya sayi sabuwa.

Babayo ya kai safar hancinsa ya ja numfashi. "Gaya masa saniyar nan ta ci ta ƙoshi kafin a yanka ta. Irin wannan fatar ba a yar da ita. Ya dawo ranar Talata."

Kwana uku ya yi a kanta. Ya warware tsohuwar igiyar a hankali yana lura da ramin da ta shiga da wanda ta fito, ya yanko sabuwa daga jan kirgin da ya taho da shi daga gida, ya shafe safar da man kaɗanya har ta yi laushi. Da Liang ya dawo ya zura hannu, ya dunƙule ɗayan ya naushi tsakiyarta sau uku. Ya cire hula ya rusuna ya ce, "Xiexie, Shifu." Tankari ya ce godiya yake yi, shifu kuma shi ne gwanin sana'a, wanda ake koyo a wurinsa. Daga ranar sunan ya bi Babayo.

Liang bai tsaya nan ba, sai da ya ja shi filin da suke wasa ranar Lahadi, a bayan wata makaranta a unguwar Tianhe. Ƙungiyar tasu sunanta Tsofaffin Ɓauna, kuma sunan ya dace da su: malaman makaranta ne masu furfura, da direban tasi, da likitan haƙori, da wasu Koriyawa biyu masu aiki a masana'anta. Babayo ya zauna a inuwa ya kalli awa guda bai gane komai ba. A ganinsa magidanta tara ne suka tsaya a rana suna kallon mutum ɗaya mai kulki.

Da aka huta, Liang ya tsuguna ya zana masa a ƙasa. Ga gida, ga wurare uku da ake tsayawa. Mai jifa ya jefo ƙwallo, kai ka doke ta da kulki ka ruga, su kuma su tsinto ta su riga ka isa.

"Af!" in ji Babayo. "Ashe fatauci ne. Ka fita daga gida, ka yada zango uku, ka dawo gida kafin 'yan fashi su tare ka."

Babu mai fassara ranar, amma Liang ya ga alamar an gane, ya buga masa kafaɗa.

Abin da ya fi ɗauke masa hankali ita ce ƙwallon kanta. Fata ƙyalle biyu ce kacal aka lulluɓe dunƙulen zare da ita, aka haɗe da jan ɗinki. Ya ƙirga ɗinkin ya sami ɗari da takwas. Ya roƙi wata tsohuwa ya kai gida ya farke, ya sake ɗinkewa, ya farke, har sai da Liang ya kasa tsamo wadda ya ɗinka a cikin kwandon ƙwallaye. Kafin shekara ta zagayo, babu safar da ke cikin ƙungiyar da ba ta bi ta hannunsa ba, har 'yan wasu ƙungiyoyi suna tambayar hanyar Dengfeng.

Sinancinsa ya ɗan nuna, hirarsu da Liang ta yi tsawo, har yana kiransa Laoshi, wato malam. Dattijon ya san tarihin wasan kamar yadda maroƙi ya san zuriyar gidan sarauta. Zai zuba shayi daga fulas ya ba shi labarin wani siririn ɗan Japan da ya je Amurka ya karya tarihin dukan ƙwallo da ya shekara tamanin da huɗu ba a taɓa ba. Ya ba shi na baƙar fatan da ya fara shiga babbar gasar Amurka a 1947, yadda 'yan kallo ke zaginsa, ana hana shi kwana a otal ɗin da abokan wasansa suka sauka, shi kuwa bai tanka ba sai dai ya yi ta wasansa har suka koma tafa masa. Wannan labarin Babayo ya sa an maimaita masa sau uku. Ya ce wa Tankari, "Ka ji mahaƙurci mawadaci. Ni da a rana ta biyu na rama da kulkin."

A 2006 matarsa Barira ta iso. Ta shiga ɗaki ta tarar da safuna shida a jere a kan taga suna shan iska.

"Malam, aiko ka aka yi duba takalma, ko ɗinka wa aljanu safa?"

Ya ce ta bari sai Lahadi. Ta bi shi sau ɗaya don ta ga inda mijinta ke ɓacewa, ta dawo tana cewa wasan ya fi jiran tuwon biki daɗewa. Amma mako na gaba ta sake bin sa, har da ƙullin cincin, kuma ba a jima ba matan 'yan ƙungiyar suka san ranar zuwanta.

Ranar da ake ba da labarinta har yanzu ta zo a kakar 2007. Tsofaffin Ɓauna za su kara da wata ƙungiya ta ma'aikatan Japan, matasa masu kaya iri ɗaya fes. Ana dab da farawa direban tasi ya bugo waya, ya ɗauki baƙin baje kolin Pazhou, cunkoso ya riƙe shi. Suka zama takwas, kuma doka ta ce in ba tara ba, an ci su ba a buga ba. Liang ya waiga hagu ya waiga dama, idonsa ya tsaya kan Babayo da ke zaune da basilla a baki.

"Shifu, tashi."

"Ni? Laoshi, ni gyara nake yi, ba ɓarna ba."

"Tsayawa kawai za ka yi."

Aka zura masa riga a kan wandon shaddarsa, aka kai shi can gefen fili inda ƙwallo ba ta cika zuwa ba. Allah ya rufa asiri ba ta zo ba. Amma dukan ƙwallo layi ne, dole ya zagayo kan kowa. Karo na farko ya runtse ido ya kai wa iska duka uku ya dawo. Karo na biyu ma haka, har kulkin ya juya da shi ya kusa zama a ƙasa. Barira ta ja mayafi ta rufe fuska.

Karo na uku ya faɗo a zagayen ƙarshe. Ci biyar da biyar, an riga an fitar musu da mutum biyu, in aka fitar da na uku damarsu ta ƙare, ɗaya daga cikin Koriyawan yana zango na uku yana jiran wanda zai buɗe masa hanyar gida. Liang ya riƙo hannun Babayo.

"Ɗinki nawa ne a jikin ƙwallon?"

"Ɗari da takwas."

"To buɗe ido ka duba ko sun cika. Kada ka yi ƙarfi, tara mata kulkin kawai."

Babayo ya yi bisimilla ya tsaya. Ta farko ta wuce shi fuu. Ta biyu ya zuba mata ido, har ya rantse daga baya cewa ya ga jan zaren yana juyawa, ya miƙa kulki. Ƙas! Ƙwallon ta gangara a ƙasa, ta bi ta gefen ƙafar mai jifa, ta ratsa tsakanin mutum biyu tana tafiyar hawainiya. Shi kuwa ya tsaya ƙyam yana kallonta, mamaki ya kashe shi.

"Malam, ka ruga mana!" Muryar Barira ce ta keto fili.

Ya zabura, kulki a hannu bai tuna ya yar ba, takalmi ɗaya ya fice a hanya. Ya taka zangon farko da ƙafar da ba takalmi, ƙwallon ta iso bayansa da ƙiftawar ido. Alƙalin wasa ya buɗe hannuwa, alamar ya tsira. Bakoriyen ya riga ya isa gida. Shida da biyar.

Barira ta rangaɗa guɗa. Ba wanda ya taɓa jin irinta a filin, har 'yan Japan suka tsaya cak suna neman inda ƙarar ke fitowa. Da suka gane murna ce, suka jeru suka rusuna mata, sannan suka rusuna wa Babayo, wanda abokansa ke ta ƙoƙarin ɗagawa sama suna kasawa.

Bai ƙara bugawa ba. Duk sanda aka yi masa tayi sai ya ce gwiwa.

Shekarar da ta biyo, aka yi gasar Olamfik a Beijing, har da besbol a ciki. Wata Juma'a da hantsi Sin ta kara da Taiwan, waɗanda kowa ya san sun fi su gogewa. Duk ƙungiyar ta taru a falon Liang gaban talabijin. Wasan ya ƙi ƙarewa, aka yi kunnen doki aka shiga ƙarin lokaci. Babayo yana duban agogo yana duban talabijin, har dai ya miƙe ya ce masallaci. Suka riƙe masa riga, ya ce wannan kiran ba a ce masa a dakata. Ana sallamewa ya kunna waya a bakin ƙofa, sai ga kiran Liang. Dattijon kuka yake yana dariya, ba abin da yake iya faɗa sai "Takwas da bakwai, Shifu! Takwas da bakwai!" Ashe Sin ce ta ci. Babayo ya yi ta rungumar 'yan Nijar da 'yan Mali da ke fitowa, suna tambayarsa ko haihuwa aka yi masa.

A ƙarshen 2009 maigidansa ɗan kasuwar nan ya buɗe wurin ɗinkin takalma a Kano, ya ce ya dawo ya riƙe masa. Wata uku kafin tafiyar ya zaunar da likitan haƙori yana koya masa zura igiya, don ya lura a duk ƙungiyar shi ne hannunsa ba ya rawa. Suka yi masa walimar bankwana a wani gidan abincin Musulmi kusa da unguwar Xiaobei. Bayan an ci naman rago, Liang ya miƙe da takarda a hannu, Tankari yana fassarawa. Ya ce ya duba littafin ƙungiya: Shifu ya tsaya duka sau uku a rayuwarsa, ya samu sau ɗaya. Ya ce a wannan wasan, wanda ya iya samun ɗaya cikin uku tsawon rayuwarsa, da manyan gwanaye na tarihi ake lissafa shi. Aka tafa, aka miƙa masa takardar kowa ya sa hannu.

Da ya koma gida ya sa aka yi mata gilashi ya rataye a shago. Abokan sana'a sukan tsaya su kalli rubutun Sinancin su tambaye shi ko lasisi ne. Sai ya gyara zama ya ce a'a, shaidar wasa ce, shi ɗin nan da suke gani ɗaya cikin uku gare shi. In suka yi dariya ya ce su tambayi Barira, a gabanta aka yi. Ita kuma in an tambaye ta takan ce gaskiya ne ya doki ƙwallo, amma da ba ta yi magana ba da har yanzu yana nan tsaye yana kallonta.