Bawan da ya tafi bai yi sallama ba

Na yi asara iri-iri a sana'ar kayan gyaran mota a kasuwar Abossey Okai, na kuma manta da yawancinsu. Amma akwai wadda ba za ta taɓa fita raina ba, kuma ba ta kaya ba ce. Abin da ke hannunmu a lokacin guruf ne guda na waya, da tsofaffi biyu, da abotar da ta girme ni.

Guruf ɗin na mutanen unguwarmu ne a Nima. A nan ake sanar da rasuwa da suna da ɗaurin aure da ɗakin haya. Ina cikin masu kula da shi, aikin sa kai. Wata ƙungiya ta gayyace mu horo kan yadda za mu riƙe jama'a masu yare da asali daban-daban ba tare da an ci zarafin kowa ba. Na je da zuciya ɗaya, don zangonmu babu ƙabilar da babu.

Madam ɗin da ta koyar ba ta faɗi abin banza ba. Ta ce duk saƙon da ya ƙasƙantar da wata ƙabila a goge shi, mai shi kuma a dakatar da shi. Na ɗaga hannu na ce, "Madam, wanda ake zagin kuma idan shi ne ya fi kowa dariya fa?" Ta ce to sai a tambaye shi tukuna. Abokan aikina sun riƙe maganarta ta farko, ta biyun suka bar ta a kan kujera tare da robar ruwa.

Tsofaffinmu, ɗaya Babarbare ne mai sayar da turare a Maamobi, ɗayan Bafillace dillalin shanu da ya koma Ashaiman, can wajen gari. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni. Kullum da safe Bafillacen zai turo murya: "Ina bawana? Ya yi sallah ko sai na aiko da sanda?" Babarbaren zai amsa: "Bawa ba ya gaishe da ubangidansa a tsaye. Durƙusa, mai warin nono!" Da wannan muke shan koko.

Ba a jima da horon ba aka kira taron masu kula. Wani ɗan'uwanmu ma'aikacin ofis ya ce kalmar bawa ba ta da wurin zama a guruf. Na ce a tambayi Baba mai turare, ai haka aka koya mana. Ya ce, "Alhaji, doka doka ce. In mun ƙyale wannan, gobe wani zai ce shi ma wasa yake." Aka ɗaga hannu, aka rinjaye ni. Aka cire Bafillacen na wani lokaci, saboda shi ne ke farawa. A makon nan wani mai gida ya sa tallan ɗaki da Turanci mai kyau, ya rubuta cewa ban da 'yan arewa masu dako. Wannan ba wanda ya taɓa shi, wai babu zagi a ciki.

Baba mai turare ya taka har shagona yana huci. "Wa ya ba ku izinin korar mini bawa? Ni na kawo ƙara?" Na ce ya yi haƙuri, wa'adin ya kusa cika.

Wa'adin Baba mai turare ne ya riga cika. Ya rasu wata rana da asuba, aka sa sanarwa a guruf kamar yadda aka saba, kowa ya ɗauka kowa ya ji, aka manta Bafillacen ba ya ciki. Ni ina Kumasi wajen kaya, wayata a aljihu. Da na ga saƙon na kira Bafillacen a Ashaiman, ya ce mini yanzu zai hau mota. Kafin cunkoson hanya ya sake shi, an dawo daga maƙabarta.

Washegari na same shi a zaman makoki, a gefen tabarma. Mutane na jira ya yi abin da abokin wasa ke yi, ya tsokani mamaci har iyalai su yi dariya cikin kuka. Ya buɗe baki ya ce, "Bawana ya gudu bai yi mini sallama ba." Ma'aikacin ofis ya matso ya ce, "Baba, mun mayar da kai guruf." Tsohon ya dube shi ya ce, "Ɗana, in gaishe da wa?"

Bai ƙara turo murya ba. Ni ma na ajiye aikin kula. Da na zauna na yi lissafi irin na ɗan kasuwa, ga abin da ya fito: mun samu guruf mai tsabta wanda ba a zagin kowa, mun sa tsoho ya rasa sallar gawar amininsa, tallan ɗakin nan kuma yana nan inda yake. Tun daga ranar, duk wanda ya ce zai kare mutuncin wani, abin da nake fara tambayarsa shi ne ko ya je ya ji ta bakin mai mutuncin.